Layi na Ashirin da Biyu

Da ƙarar jan kujera abin ya fara. Muna da wata 'yar kujerar katako da nake zama a kai in ina tsince shinkafa, ƙafarta ɗaya ta ɗan fi sauran gajarta, in aka ja ta a kan siminti sai ta yi wani siririn kuka sannan ta yi tuntuɓe. Na san muryarta kamar yadda na san tarin kowane ɗa nawa. Rannan da hantsi, yara sun tafi makaranta, ina kicin ina kwashe sauran kunu, sai na ji an ja ta daga tsakar gida an shige ɗaki da ita. Babu kowa a gidan sai ni da maigidana, shi kuwa a shekara goma sha shida da aurenmu ban taɓa ganin ya zauna a kujerar mata ba.

Na leƙa ta gefen labule. Sallar walha yake yi, wadda ya saba kafin ya tafi shago. Yana zaune a kan kujerar, ya miƙe ƙafarsa ta dama a kan darduma, yana sunkuyar da kai a maimakon sujada. Na ja da baya a hankali na koma kan tukunyata. Da ya idar sai ya maido kujerar inda ya ɗauko ta, wannan karon a hannu, ya sa hularsa ya ce sai ya dawo. Na ce Allah ya ba da sa'a. A lokacin saura mako uku a miƙa sunayen waɗanda za su buga wa unguwarmu shampiyona, wato gasar ƙwallon da ake yi tsakanin unguwanni duk dogon hutun makaranta. Shekararsa arba'in da biyu, kuma bai taɓa shakkar cewa sunansa na ciki ba.

Ni a nan Briqueterie aka haife ni, Birik kamar yadda muke cewa, nan ma aka haifi babana, kakana ne ya zo Yawunde da fatauci. Maigidana kuwa yana ɗan shekara goma sha tara ya sauka daga Zariya da jaka ɗaya da almakashi, babu Faransanci a bakinsa sai na gaisuwa. Ya sha ba ni labarin watanninsa na farko. Daga kan keken ɗinki sai masallaci, daga masallaci sai tabarma, kuma duk layin teloli babu mai kiransa da komai sai "kai, ɗan Najeriya". Wata Lahadi ya je kallon ƙwallo, aka rasa mutum ɗaya, aka jefo masa riga mai lamba biyu. Babu ko takalmi ya buga. Ya ce da ya biyo ta wajen masu gasa nama da yammar nan, hayaƙi ya cika titi, sai ya ji wani da bai sani ba ya ɗaga murya: "Lamba biyu, zo ka ɗanɗana!"

Na gan shi yana wasa tun ban san zan aure shi ba. Kolej ɗinmu yana kan tudu, katangar baya tana kallon wani fili ta wajen Messa, in an tashi mukan tsaya da ƙawayena mu ci gyaɗa muna leƙe. Ɗan baya ne, aikinsa tsare gefen dama, amma ba ya zama a baya. Sai ya ƙwace ƙwallo ya kama bakin layi da gudu har ƙarshen fili, jar ƙasa tana tashi a bayansa, ya aika da ita tsakiya, kafin a juyo ya koma gurbinsa kamar bai je ko'ina ba. Ni ban san dokar wasan ba a lokacin. Abin da na lura da shi kawai, idan aka kira la'asar shi ne farkon mai neman buta.

Da ya fara zuwa zance gidanmu, ƙanena ne ake aikowa ya kira ni. Yaro ne ɗan shekara goma sha shida mai tsinin baki. Ranar farko ya shigo yana ihu har waje ana ji: "Yaya, tsohonki ya zo!" Tsohon nan shekararsa ashirin da biyar. Daga ranar sunan ya zauna. An san wasan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa, babu abin da ba a faɗa, kuma babu mai riƙewa. Su biyun nan sun kai shi inda ban taɓa gani ba. A ranar ɗaurin aure, a ranar sunan ɗanmu na fari, har a asibiti lokacin da ƙanena ya karye a idon sawu ya bar buga ƙwallo, maigidana ya shiga da ledar lemu yana cewa ashe ƙashin yaran yanzu na rake ne. Bayan 'yan shekaru manyan unguwa suka ba ƙanena horar da ƙungiyar, ya zama koci, mijina ya zama ɗan wasansa. Wasan baki bai ragu ba, sai ma ya samu fili.

Ni kuma ƙungiyar ta shigo mini gida ta ƙofa biyu. Ta farko wanki. Tun asali a gidan babban ɗan wasa ake wanke rigunan, kuma mun daɗe mu ne gidan. Duk washegarin wasa sai a kawo buhu, in zazzage a babban baho, in jiƙa da sabulu tun safe, saboda jar ƙasar garin nan in ta kwana biyu a farin yadi ta zama rini. Ta biyu rubutu. Masu shirya gasar suna son sunaye a kan takardarsu, da Faransanci, layi ashirin da biyu, kowane da ranar haihuwa da hoto a manne. Hannun ƙanena kamar kaza ta bi ta kan tawada, ni kuwa tun a aji ana yaba rubutuna. Shi ya sa duk shekara yakan kawo mini sunayen a wata yagaggiyar takarda in kwafe.

Mai wanki tana sanin abin da 'yan kallo ba su sani ba. Na san wanda ya yi gudu da wanda ya yi yawo. Na san mai tsaron raga yana tsoron faɗuwa ta hagu, don kullum gefen damarsa ne ja. Rigar lamba biyu a da ita nake bari ƙarshe, sai na sa mata burushi, daga kafaɗa har ƙugu ƙasa ce, wani lokaci da shatin takalmin wani a baya. Shekara uku ke nan tana dawowa da gumi kawai. Ɗauraya biyu ta fita. Na ga haka, na ce wa raina ƙwarewa ce, babba ba ya faɗuwa.

Juma'ar da ta biyo bayan ranar kujera ƙanena ya zo cin abinci bayan an sauko masallaci, kamar yadda ya saba. Ina daga ƙofar kicin ina jin su.

"Tsoho, bana fa benci za mu sa maka a inuwa, da filo."

"Ji mai magana. Kai da ka yi ritaya kana shekara ashirin da huɗu?"

"Wallahi da gaske nake."

"Bara ma da gaske kake. Kaffarar rantsuwar da ka yi a kaina ta kai azumin shekara. Miƙo yajin nan."

"Tsoho, ka saurare ni mana."

"Ina sauraro, Koci mai usur ɗin roba. Ka ci abincin yayarka, ka ƙoshi, sannan ka zo mu yi tsere daga nan zuwa unguwar Mokolo. In ka riga ni, na ba ka takalman ƙwallona."

Maigidana ya yi dariya har yana buga cinya. Ƙanena ma ya yi dariya, amma na ga ya ajiye cokali da sauran shinkafa a faranti, abin da ba halinsa ba.

Ranar Laraba da hantsi ya dawo, ya daidaici lokacin da ya san mijina yana shago. Ina shanya. Ya zauna a bakin rijiya ya ciro takardu biyu, ta masu gasa da yagaggiyar tasa.

"Yaya, shekara goma sha bakwai ina ce wa mutumin nan ya tsufa. Yau da nake nufin haka, da wane baki zan faɗa? Ko kuka na yi zai ce sabon salon wasa ne."

Na ce, "To ka tura manya su gaya masa."

"Wane babba? Liman ne zai je, ko mai unguwa? Duk shi yake musu ɗinkin sallah. Kowa cewa yake a bar shi, albarka ce."

"Ba albarkar ba ce? Ka taɓa ganin an yi dambe a fili yana ciki? Ba kai ka ce mini ko alƙalin wasa in ya gan shi yana gyara busa ba?"

"Haka ne. Ban musa ba." Ya shafa kai. "Amma ki ji abin da ba a gaya miki. Yaran wasu unguwannin ba sa tare shi. In ya ɗauko ƙwallo kaucewa suke, saura kaɗan su durƙusa su gaishe shi. Namu kuma dole su ba shi ko da akwai wanda ya fi shi wuri, don kunya. In ya haura gaba, sai an sha ruwa kafin ya dawo. Mutum goma nake bugawa da su, Yaya, in an cire ɗaya mai gadin gurbinsa, tara ke nan."

Sannan ya ba ni labarin wani saurayi ɗan shekara ashirin, mahauci a unguwar Etoudi, wanda ya dawo Birik da zama wajen kawunsa. Ya ce in ya ja da gudu sai ka ce an kunna masa wuta a baya. Yana son buga mana, amma 'yan Mokolo ma suna zawarcinsa, kuma wuri ɗaya ya rage. Ya ajiye hoton saurayin a kan murfin rijiya, ya ajiye na mijina kusa da shi, wanda aka ɗauka tun gemunsa bai fara fari ba, shi muke sake wankowa duk shekara.

"Ke kike wanke rigunan. Ke kike gida ɗaya da shi. Lafiyarsa lau?"

Na juya na ci gaba da matse zane. Na ce, "Tambaye shi."

"Na tambaya, ai kin ji amsar." Ya miƙe. "Ga ashirin da ɗaya nan na rubuta. Na ƙarshen ke za ki sa. Duk wanda na gani a layin, shi ne, ba zan ce uffan ba."

"Kai ne fa koci."

"A fili. Litinin zan zo in karɓa."

Na bi shi har zaure ina cewa wannan ba adalci ba ne, ya ɗora mini abin da shi ya kasa. Ya ce ya sani, in yafe masa, ya hau babur ɗinsa.

Ashirin da ɗayan a zama ɗaya na kwafe su. Na sa takardar cikin akwatin zannuwana, hotunan biyu a sama. Kwana huɗu ina buɗewa ina rufewa. Abin da na gani ta gefen labule sirrin mijina ne, bai nuna mini ba balle ya ce in kai wa wani, kuma tun ina yarinya aka koya mini nauyin wannan. Amma ƙanena ma amana ya ba ni, da yaran nan ashirin da ɗaya da tun azumi ya wuce suke tashi da asuba suna hawa tudu da gudu. Wasunsu ni na goya su suna jarirai, tun ina gidanmu. Na yi istihara. Ban ga komai ba, ban ji komai ba, sai dai na tashi da niyyar yi masa magana.

Lahadi bayan azahar aka tsuge da ruwa, irin wanda in yana dukan kwano sai an ɗaga murya. Yara suna gidan kakarsu. Yana zaune a bakin ƙofa yana shafa wa takalman ƙwallonsa man kaɗanya da tsumma. Na zauna gefensa da tiren wake.

"Malam, rannan na ji an ja kujerata."

Hannunsa ya tsaya. Ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo.

"Kin gaya wa ƙanen nan naki?"

"A'a."

"To madalla."

"A masallaci yaya kake yi?"

"Ina cije baki. Farilla ce, ba ta da tsawo." Ya ci gaba da shafa man. "Naɗewa ce ba ta so. Gudu ba ya buƙatar naɗewa."

"Gwiwar da ta ƙi sujada ita za ka kai fili?"

Na ji nauyin maganar bayan ta fita. Bai yi fushi ba. Ya juya takalmin ya duba ƙasansa, ya ce, "Kina tsammanin ban san yaran nan kauce mini suke ba? Na sani. Akwai wanda ya taka ni bara, ya bar ƙwallo tana tafiya ya tsaya yana cewa Baba yi haƙuri. Ji na yi kamar in nutse."

"To me ya sa ba za ka bari ba?"

"Maman yara, ni a filin nan aka fara sanina a garin nan. Babanki da ya tambaya a kaina, ba cewa aka yi tela ba, teloli sun cika Birik. Cewa aka yi yaron nan mai lamba biyu, mai salla. Ba da takarda na shiga ba. Riga aka jefo mini, na nuna abin da zan iya. Ina son in fita haka. Wani ya zo ya wuce ni da gaske, ya nuna mini ya fi ni, in gani da idona. Amma a ce na kwanta ina ɗan wasa, na tashi an goge ni da biro..." Ya ɗauki ɗaya takalmin.

Bai san biron yana cikin akwatina ba. Ban gaya masa ranar ba, ban gaya masa bayan nan ba. In ya karanta wannan zai sani.

Litinin da safe na shimfiɗa takardar a kan tire, na yi bisimilla, na rubuta sunansa a layi na ashirin da biyu, da ranar haihuwarsa, da Zariya a gurbin wurin haihuwa. Ƙanena ya zo, ya duba ƙasan takardar kawai. Ya ɗauki hoton saurayin ya sa a aljihun gaba.

"To. Allah ya sa haka ne alheri."

"Amin. Ba za ka sha kunu ba?"

"Na sha a gida."

Saurayin ya tafi wajen 'yan Mokolo. Wasa biyu na farko mun ci ɗaya, an yi kunnen doki a ɗaya, mijina yana buga rabi a cire shi, ya dawo gida yana tsokanar koci cewa tsoron kada ya haskaka ne. Na uku shi ne wanda duk aka cinye ya fita daga gasar, kuma da Mokolo aka haɗa mu.

Tun da na yi aure ban je kallon ƙwallo ba. Ranar na sa hijabina na kama hannun autata, 'yar shekara bakwai, muka tafi gidan wata ƙawata ta kolej da ke da bene a bakin filin Messa. Ta sa mana kujeru a baranda, ta kawo soyayyar ayaba, tana tsokanata wai har yanzu leƙen nan na katanga bai sake ni ba. Gari ya yi lumshi, babu rana babu ruwa, irin sanyin nan na tsakiyar hutu. Fili ya cika har kan katangu. Na hango ƙanena da hular hana salla yana kai da kawowa, na hango lamba biyu a gefen da ke kusa da mu. Wanda aka sa ya fuskance shi kuwa na gane shi tun kafin a nuna mini, don na kwana biyar da hotonsa.

Shi bai taso a layinmu ba, babu wanda ya taɓa ɗinka masa kayan sallah a shagon mijina. Ƙwallon farko da ta zo masa, ya tura ta gefen mijina ya bi ta ɗaya gefen. Na ga maigidana yana juyawa. Juyawar nan ita ce har yau nake gani, a hankali, kashi-kashi, kamar babbar mota a lungun Birik. Kafin ya gama, ƙwallo tana raga.

Karo na biyu bai jira ba. Saurayin ya taho, mijina ya zube ƙasa da ƙafar nan tasa ta dama a miƙe, ya share ƙwallon tsaf ta fita waje, su biyun suka yi birgima cikin jar ƙasa. Filin ya ɗauki ihu har na ji barandar tana motsi. Autata tana tsalle tana cewa Babanta ne, Babanta ne. Saurayin ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ko kallonsa bai yi ba balle ya miƙa masa hannu. Na ga haƙoran mijina daga inda nake. Murmushi yake.

Ya ƙara tare shi sau ɗaya. Yaranmu suka rama ƙwallo ɗaya kafin hutun rabin lokaci, na fara cewa a raina ko Allah zai rufa mini asiri. Na ɗauka ƙanena zai cire shi kamar kullum, amma da aka dawo sai ga shi a gurbinsa. Daga baya na ji cewa shi ya ce a bar shi, kuma ba da wasa ya faɗa ba. Ba a daɗe ba aka jefo wata doguwa ta bayansa. Suka bi ta tare, kafaɗa da kafaɗa, taku biyar ko shida, kamar lamba biyun da na sani daga katangar kolej. Sai saurayin ya ƙara wuta, ya ture shi da kafaɗa, mijina ya kife. Ta biyu ta shiga.

Ya daɗe kafin ya miƙe. Da ya miƙe sai ya juya wajen benci ya ɗaga hannu yana juya yatsu, alamar a canza shi. Ƙanena ya kau da kai kamar bai gani ba. Ya sake ɗagawa. Sannan ya taka ya fita da kansa, yana jan ƙafa, ya bi bakin layin da ya yi shekara ashirin da uku yana bi da gudu.

Biyu da ɗaya aka tashi. Mutane suna ta maganar tarewar nan tasa, ni kuwa idona yana kan yaranmu. Sun zube a tsakiyar fili, mai tsaron raga ya rufe fuska da riga kafaɗunsa suna rawa. Akwai biyu a cikinsu da aka ce wani mai neman 'yan wasa zai zo ya gani in mun kai zagaye na gaba. Ƙawata ta dafa ni tana cewa wasa ne, haka yake. Ban iya gaya mata cewa duka ƙwallayen biyu da hannuna na ba Mokolo ba.

A babur aka kawo shi gida. Na karɓo ƙanƙara a maƙwabta na naɗe a tawul, gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Bai yi magana da yawa ba, amma ya ci tuwo fiye da yadda ya saba.

Washegari da safe ƙanena ya kawo buhun wanki da kansa. Na san daga yadda ya yi sallama da ƙarfi cewa ya shirya abin da zai faɗa tun a hanya. Mijina yana kan tabarma a tsakar gida, ƙafa a kan filo.

"Tsoho! An ce ka manta ƙafa ɗaya a Messa. In je in ɗauko maka, ko a bar wa masu shara?"

Na tsaya da baho a hannu ina jiran amsa. A shekarun nan duka bai taɓa barin irin wannan ta faɗi ƙasa ba. Mijina ya ɗago ya dube shi, fuskarsa a sake, babu fushi ko kaɗan.

"Gaskiyarka, Koci. Na tsufa. Ka faɗa mini ban ji ba. Ka ba yaran haƙuri, ni na jawo musu. Baɗi ka nemo yaron nan da ya wuce ni ko da roƙo ne, ni zan ɗinka masa lambar."

Ƙanena ya tsaya da buhu a kafaɗa. Ya sauke buhun a hankali, ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen tabarmar.

"Haba, Yaya," ya ce. "Yaya ƙafar?"

Ban taɓa jin ya kira shi haka ba. Na shige kicin na daɗe ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

An yi shekaru yanzu. Saurayin ya buga mana a shekarar da ta biyo, kuma ya yi abin da aka ce zai yi. An mayar da wanki gidan wanda ya zama babba, igiyar shanyata ta koma ta zannuwa da kayan makaranta. Har yanzu ni nake kwafe sunayen, ashirin da biyu cif ake kawo mini. Wani lokaci ina cikin rubutu sai in tsaya a layin ƙarshe in tambayi kaina ko daidai na yi. Idan na tuna murmushin nan cikin ƙasa sai in ce e. Idan na haɗu da mai tsaron ragar nan a kasuwar Mokolo yana tura kaya a amalanke, ya gaishe ni da ladabi, sai in kasa cewa komai. Na bar wa Allah, shi ya san abin da ke cikin zuciyata da safiyar Litinin ɗin.

Amma abin da na fi kewa ba shi ne ƙwallon ba. Ƙanena bai fasa zuwa cin abincin Juma'a ba. Yakan yi sallama a hankali, ya gaida mijina da hannu biyu, ya tambayi ƙafa, ya tambayi shago. Su ci abinci suna maganar tsadar yadi da gyaran titi. Mijina ya gwada tsokanarsa sau biyu ko uku a farko, ƙanena ya yi murmushi kawai ya sunkuyar da kai, sai shi ma ya bari.

Wata Juma'a, watanni kaɗan bayan wasan, sun gama ci, mijina ya raka shi zaure yana ɗingishi. Ina zaune ina tsefe wa autata kai, ta kwantar da kumatunta a cinyata. Tsakar gidan ta yi tsit, har ina jin kekunan ɗinki daga layin baya. Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta juyo da kai, tsinken tsifa ya kusa zame mini.

"Mama, me ya sa Kawu ya daina ce wa Baba tsoho? Ai yanzu ne ma ya tsufa."